Teku a Hannun Hagu

Abin da na fara gani a jikin Kaka ba fuskarta ba ce. Katantanwa ce, 'yar ƙarama, fara, bakinta ya ɗan guntule, an huda ta an zura mata baƙin zare, tana reto a ƙirjinta. Ranar aka kawo ni Makka daga Kano ina amarya. Na durƙusa gaban kakar mijina a tsohon gidansu na unguwar Jarwal, kaina a sunkuye, mayafi ya rufe min rabin ido. Abin da kawai nake iya hange shi ne wannan katantanwar, tana zuwa tana komawa, domin mai ita ba ta zauna ba. Tana sa min albarka tana zagaya ɗakin.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Yau kuma kwana arba'in da rasuwar Kaka.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a gidanmu na unguwar Rusaifa. Jikoki, waɗanda Larabci ya fi zama musu a baki, suna kuka suna kiran "Sitti, Sitti." Wata tsohuwar maƙwabciyarta daga Tandabawi, da aka hawo da ita bene a kan kujera, ta ƙi shan gahawa sai da ta faɗi abin da ke ranta.

"Wallahi ban yarda ba sai da na gan ta a kwance," in ji ta. "Shekara sittin muna tare, ban taɓa ganin matar nan ta kai haƙarƙarinta ƙasa da rana ba. Na ce to, lallai da gaske ne."

Mata suka yi dariya da hawaye a fuska. Sai matar da ta yi wa Kaka wanka ta matso kusa da Umma, surukata, wadda ita ce babbar 'yar Kaka.

"Hajiya, zare kawai na samu a wuyanta, ba komai a jiki. Ko wani abu ya faɗi ne mu nema?"

Nan take ɗakin ya ɗauka. Wata ta ce laya ce. Wata ta ce a'a, maganin ciwon ƙirji ne. Wata ta rage murya ta ce ai dama an ce tsohuwar tana da mutanen ɓoye, shi ya sa ba ta iya zama. Umma kuwa ni ta kalla. A ɗaya ɗakin ina jiyo muryar Kawu, ɗan Kaka namiji tilo, yana gyara wa maza wurin zama, yana faɗa da mai zuba gahawa. Ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani a idonsa.

Ina wurin ranar da katantanwar ta bar wuyan Kaka. Shi ya sa na ɗauki biro, kada zancen ya tsaya a kan aljanu.

Kaka ba ta iya zama ba. A tsaye take cin abinci. A tsaye take jan carbi, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin soron sama, ta juyo. Sana'arta dakan yaji ne ga masu tsire, kuma na tabbata ta zaɓe ta ne don aiki ne da ba a yin sa a zaune. Matakalar Jarwal da ke sa samari haki, ita sau biyar take sauka ta hau a yini. Da aka ce ta riƙa yin ɗawafi a keken turawa saboda gwiwarta, cewa ta yi, "Ku bari sai na mutu ku tura ni."

Tana da wata magana da ban gane ba sai daga baya. Duk wanda ya ba ta tabbacin abin da shi ma bai sani ba, sai ta kalle shi ta ce, "Teku a hagu." Da aka rushe layinmu na Jarwal za a gina otal, dillali ya ce mata ai daga Rusaifa zuwa Harami taku biyu ne, ta ce, "Teku a hagu." Da likita ya ce sati ɗaya gwiwar za ta warke, haka ta ce masa. Jikoki sun ɗauka suna yi wa juna ba tare da sun san mafarinta ba.

Watannina na farko a Makka kuka na sha. Ba na jin Larabci, yaran gidan kuma suna dariyar Hausata wai ta yi nauyi. Abin da na zo da shi daga Kano, ban da kayan ɗaki, jaka guda ce ta littattafan soyayya da nake saya a kasuwa tun ina makaranta. Wata rana Kaka ta same ni a lungu ina karatu ina share ido.

"Amarya, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Kaka. A littafi ne."

"To taso ki karanta a fili, mu yi kukan tare. Gidan nan ba a kuka a ɓoye."

Tun daga ranar, tana daka ina karanta mata. Sunan da ta sa musu "ƙaryar 'yan Kano", amma ranar da na yi fashi sai ta aiko a kira ni. Takan tsayar da taɓarya ta ce, "Wannan yaron ba zai dawo ba, ji yadda yake rantsuwa. Duba ƙarshe ki gani." Har ta rasu Amarya take kirana, ko 'yar Kano, ga ni da 'ya'ya uku.

Ni kuwa a zuciyata na gama rubuta nawa littafin a kan katantanwar. Na ƙera wani saurayi matuƙin jirgin ruwa, dogo, mai sanyin murya, wanda ya ɗaura mata ita a bakin teku ya ce ta jira shi. Na ce shi take jira, shi ya sa take zarya. Shekara shida ina renon wannan saurayi. Rannan na kasa haƙuri.

"Kaka, ya sunansa?"

"Wa?"

"Wanda ya ba ki wannan."

Ta yi dariya har sai da ta dafa turmi. "Kai, 'yar Kano! Ke komai sai kin yi masa miji?" Sai dariyar ta ɗauke kamar an kashe famfo. Ta jingine taɓarya, ta ce in rufe littafin.

Ta ce tana 'yar shekara tara ko goma suka iso bakin Bahar Maliya, bayan shekaru suna tafe a ƙasa daga ƙauyensu na ƙasar Katagum, suna tsayawa suna aikin gona a Sudan su ƙara gaba. Mahaifinta ba shi da takardu, sai suka bi wani mai jirgin katako da ke tsallakar da mutane a ɓoye. Da gari ya waye ya sauke su a wata gaɓa, ya ce musu nan ce ƙasar Hijaz. Ya ce su bar teku a hannun hagu su yi ta tafiya, za su isa Jidda.

"Muka yi sujada, muka sumbaci ƙasa. Muka kafa murhu muka dama ɗan garin da ya rage. Mu da ko babban tafki ba mu sani ba, wa zai ce mana ƙasa tana iya ƙarewa ta kowane gefe? Tsibirin da muka sani shi ne na tsakiyar kogi, wanda kake hango bayansa."

Innarta tun a jirgi ba ta da lafiya. A rana ta biyu mahaifin ne ya goya ta. Ruwan salka ya kusa ƙarewa.

"Ta ce da ni, mun kusa? Na hau wani dutse na hango wasu abubuwa farare, jere, can nesa. Na ce Inna, ga gidajen Makka can. Ta yi murmushi, ta fara Labbaika. Kafin mu ƙarasa ta cika."

Da suka isa, ba gidaje ba ne. Tsibi-tsibi ne na katantanwa, wani ya fi mutum tsawo. Ƙasar wurin duk dutse ce, wuƙar mahaifinta ta karye bai tona ko taƙi ɗaya ba. A cikin tsibi ɗaya suka yi mata makwanci, da ƙwarya suka yashe. Kaka ta ɗauki katantanwa guda don ta gane wurin. Washegari da la'asar, teku na hagunsu, suka iso wasu duwatsu uku da toka a tsakaninsu. Murhunsu ne. Mahaifinta ya zauna ya ɗora hannu a ka. Masunta ne suka tsince su bayan kwana biyu.

"Ɗawafi muka yi a baibai," in ji Kaka. "Kowa Ɗakin Allah yake bari a hagu, mu muka bar ruwa."

Na ce, "Ai ba ki sani ba, Kaka. Yarinya ce ke."

"Na sani. Da muka ɗan matsa na gane ba gidaje ba ne. Ta sake tambaya, na sake ce mata e. Uwata ta mutu tana kallon juji, ni na ce mata Makka ce. Kuma na bar ta ita kaɗai, inda ba mai wucewa ya yi mata sallama. Ki ce in zauna?"

Ba ta san sunan tsibirin ba. Shekara guda bayan wannan hirar, maigidana yana duba waya ya nuna min hotunan tsibiran Farasan, can kudu wajen Jizan, inda aka ce akwai tuddan katantanwa na mutanen da. Kaka na wucewa ta bayanmu. Ta fizge wayar, ta kai ta dab da idonta, ta daɗe. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da jakarta.

A nan rigima ta tashi da Kawu. Shi direban motar alhazai ne, shekara talatin yana tuƙi, mutum mai son komai a kan layi.

"Ya Ummi, ba a ɗaura tafiya don kabari. Balle mace. Ga Harami nan, ki yi mata addu'a."

"Shekara saba'in ina yi. Addu'a tsakanina da Allah ce. Wannan magana ce tsakanina da uwata."

"Ba za ta ji ba."

"Kai ma ba ka ji, amma ban fasa yi maka magana ba."

Ya ce gwiwarta, ya ce zafi, ya ce ma wa ya san tsibirin ne. Kullum bayan sallar asuba sai ta sa abayarta, ta rataya jaka, ta tsaya a bakin ƙofa har hantsi. Kwana goma sha ɗaya tana haka. A na sha biyu Kawu ya zo da ƙaramar motarsa, ya buɗe ƙofa yana huci.

"Yalla, mu tafi. Amma ku shaida ban yarda ba. Ba zan bari wani ya tuƙa ta ba ne kawai."

Mu huɗu muka tafi: Kaka, Kawu, maigidana da ni. Hanyar Jizan doguwa ce, tana bin gaɓa. Da ruwan ya fara bayyana ta tagar da take, Kaka ta taɓa ni. "Amarya, yau teku na dama. Wataƙila mu isa." Kawu ya ƙara ƙarar rediyo.

Daga Jizan muka shiga babban jirgin fito, daga can kuma muka ɗauki ƙaramin kwalekwale mai inji. Mai shi dattijo ne, tsohon malamin makaranta, wanda ya sha kai masu binciken tarihi wuraren. Da ya ji labarin ya ce gaskiya tsibiran da ke da irin tuddan nan sun fi ɗaya, zai kai mu wanda ya fi kama da kwatancen. Kaka ta ce, "Wannan bai ce teku a hagu ba. Mu bi shi."

A littattafaina, in aka zo irin wannan wuri, iska takan tsaya, zuciya ta buga, mutum ya gane. Na yi ta jiran hakan. Da muka hau gaɓa muka haye wani ɗan tudu, sai na ja na tsaya. Tsibi ɗaya nake tsammani, ko biyar. Suna nan jere har inda ido ya gaza, farare, manya da ƙanana, kamar an kife ƙore a shanya. Ba bishiya, ba inuwa, ba abin da ya bambanta wani da wani.

Kaka ba ta tsaya ba. Ta cire zaren daga wuya, ta riƙe katantanwar a tafin hannu, ta nufi na farko. Ta ɗebo nasa ta gwada da tata. Iri ɗaya. Ta wuce na biyu. Iri ɗaya. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ni da ƙuruciyata ina gudu-gudu kafin in kamo ta. Katantanwa na ƙara a ƙarƙashin takalmanmu, rana na dukan ƙeya. Takan tsaya ta juya ta kalli teku, ta gyara tsayuwa ya koma hagunta, ta ce, "Ta nan muka ɓullo," sai kuma ta ce, "A'a." Kawu yana can baya da gorar ruwa, yana kira, "Halas, ya Ummi, ya isa haka!"

Bayan azahar mai kwalekwale ya ce ruwa ya fara janyewa, in muka wuce awa ɗaya jirgin zai zauna a kan dutse. Leɓen Kaka ya bushe, numfashinta na fita da ƙara. Na duba gefe na ga wani tsibi da baƙin dutse a gindinsa. Zuciyata ta ce ga ƙarshen labari, ki ba ta. Na kama hannunta.

"Kaka, ga shi nan. Dubi dutsen. Wallahi jikina ya ba ni shi ne."

Ta kalli tsibin, ta kalle ni. Ban taɓa ganin idonta haka ba.

"'Yar Kano," ta ce a hankali, "kada ki yi min abin da na yi mata."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ita kuwa ta taka zuwa wani tsibi da ruwa ya zaftare wa gefe, ta zauna a ƙasa. Ta zauna. Maigidana ya kalle ni, na kalle shi. A jikin zaftarewar akwai layi-layi baƙaƙe tsakanin fararen katantanwa. Ta sa yatsa ta lakato, ta murza, ta shinshina.

"Wannan ai toka ce."

Mai kwalekwale ya tsuguna kusa da ita. Ya ce toka ce, ya hajja. Ya nuna mata ƙananan ƙayoyin kifi. Ya ce mutane ne suka zauna a nan dubban shekaru da suka wuce, tun ba a san ƙarfe ba. A nan suke hura wuta, su gasa abin da suka samo a ruwa, su zubar da ɓawon a gefe, 'ya'yansu su zo su zuba a kan na iyaye, har ya zama tudu. Ya ce masu bincike sun taɓa samun waɗanda aka binne a cikin irin tuddan nan, domin su ma ƙasar ta gagare su tonawa.

Kaka ta daɗe tana kallon baƙin yatsanta.

"Ashe kufai ne," ta ce da Hausa. "Ashe gari ne. Mata sun yi girki a nan. Amarya, kin ji? Ba a juji muka sa ta ba. A cikin mutane muka sa ta."

Kawu, da ya ƙaraso, ya ce, "Mutanen jahiliyya ne fa, ya Ummi. Ko sallah ba su sani ba."

"A Jarwal wa ya zaɓi maƙwabcinsa?"

Ta miƙa min hannu na tashe ta. Ta juya wa teku baya, ta fuskanci tuddan gaba ɗaya, ta yi sallama da ƙarfi kamar mai shiga gidan mutane. Sannan ta ɗaga murya, muryar da ban san tana da ita ba, siririya, ta yarinya.

"Inna! Ni ce. Abin da na nuna miki ba Makka ba ce, ƙarya na yi miki, ki yafe ni. Amma mun isa. Baba ya isa, ya yi hajji, a can ya kwanta. Na yi miki hajji bakwai. Ga jikanki nan, mai taurin kai, shi ya kawo ni. Inna, mun isa!"

Ba abin da ya amsa sai tsuntsayen ruwa. Ta tsinke zaren da haƙori, ta zare katantanwar ta ajiye a kan tsibin mai toka, ta ƙulla zaren ta mayar wuya. Ba ta waiwaya ba har muka shiga jirgi.

Zan so in rubuta cewa daga ranar ta samu zama. Ba ta samu ba. Ta ci gaba da zaryarta shekara bakwai, hannunta na kai wa ga zaren da ba komai. Na taɓa tambayarta ko hankalinta ya kwanta. Ta ce, "Ko tsibirin ne, ko ba shi ba ne, ban sani ba. Na dai faɗa." Abin da ya canza ɗaya ne: ta daina cin abinci a tsaye.

Allah Ya ji ƙan Kaka, Ya yalwata mata makwanci, Ya haɗa ta da Innarta a inda ba a sake tambayar ko an kusa.

Kwana goma bayan rasuwar, Kawu ya shigo da hantsi daga maƙabarta. Ya ƙi zama. Ya je bakin taga, ya dawo ƙofa, ya koma. Ya ce da Umma ya je ziyara ya tsaya a kan layin kaburburan, amma ya kasa rantsewa wanne ne nata, duk duwatsun iri ɗaya. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu ya ajiye a kan tabarma. Fara, 'yar ƙarama, bakinta a guntule, da huda.

"Tana juya baya na ɗauke," in ji shi. "Na ga za ta ɓace a cikin 'yan'uwanta. Shekara bakwai tana cikin akwatin motata. Ban taɓa gaya mata ba."

A ranar ya yi kukan da bai yi ba a zaman makoki. Sati na zagayowa ya ajiye aikin tuƙi, ya kama hanyar Jizan shi kaɗai, wai zai mayar da ita inda mai ita ta ajiye. Ya tarar tsohon malamin ya rasu. Wani ne yake kai shi, kuma ruwa ya zaftare tuddai da yawa, kowanne da tokarsa. Yau kwanansa ashirin a can. Jiya da la'asar ya kira, Umma ta sa wayar a fili.

"Ka ajiye ta ko'ina ka dawo, don Allah! Duk ɗaya ne."

"Gobe," in ji shi. Haka ya ce shekaranjiya.

Ina jiyo ƙarar katantanwa a ƙarƙashin takalminsa, yana tafiya yana magana. Na matsa kusa da wayar.

"Kawu, ina wuni. Teku yana ta wane hannunku?"

Ƙarar takunsa ta tsaya. Sai na ji wata 'yar dariya mai kama da shessheƙa.

"A hagu, 'yar Kano. Tun safe a hagu yake."